Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu mashaya da gidajen shaƙatawa na Abuja, daga mai tukubar bakin ƙofa

Ranku ya daɗe, iyayen gida maza da mata,

Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiya. Ni mai tsire ne. Shekarata 14 ina hura gawayi a bakin ƙofar gidajenku. Na fara a wani gadin, wato mashayar da ke fili, a Garki ina yaron wani, na yi Utako, yanzu tukubata ta kaina tana wani gida a Gwarinpa. Ko ba ku san ni ba kun san irina: mutumin da ke can gefe inda hayaƙi ke tashi, wanda ake ƙwala wa kira da "Malam" ko "Aboki", wanda ke zuwa da la'asar kafin a jera kujeru, ba ya kuma tafiya sai an kashe janareta. Wanda ya tsaya wuri ɗaya tun la'asar har ƙarfe 2 na dare, fuskarsa na kallon tebura, abin da ke wuce shi kaɗan ne. Don haka abin da zan faɗa muku, ganau ne ni ba jiyau ba.

Da Hausa na rubuto domin ita ce harshen bayan kanta. A gaban kwastoma Turanci ake yi da buroka, amma a bayan firiji, inda ake ƙirga kwalabe, Hausa ce ke haɗa 'yar Pankshin da 'yar Kafanchan da yaron Lafiya da maigadi ɗan Katsina. Da yawa daga cikinku ma da ita kuka tashi a Jos ko Kaduna ko Makurdi, kuma da ita kuke tsokanata in kun zo karɓar balangu.

Na san cikin 'yan'uwana akwai mai cewa me ya kai Musulmi bakin mashaya. Tambaya ce mai nauyi, na kuma yi wa kaina ita ba sau ɗaya ba. Ban taɓa kai kwalba bakina ba, ba na sayarwa, ba na miƙa wa kowa. Hukuncin giya a addinina a fili yake, ban zo in sassauta shi ba. Amma zaluncin da aka yi a kan idona, ba za a sauke mini nauyin faɗinsa ba don kawai wurin da aka yi shi ba masallaci ba ne.

Bari in fara da wani daren Juma'a na damina.

Mutum shida ne suka zauna a teburin da ke kusa da ni, suka zo da motoci biyu. Suka ci tarwaɗa gasasshiya, suka sha farfesu, kwalabe suka cika tebur har aka fara ajiye wasu a ƙasa. A wurina suka karɓi tsire da ƙoda na naira 8,000, suka ce a haɗa da bil. Yarinyar da ke yi musu sabis ba za ta wuce shekara 20 ba, 'yar Filato ce, wata huɗu ke nan da fara aikinta, tana tara kuɗin makarantar ƙanenta. Tun ƙarfe 8 take kai da komo tsakanin teburinsu da kanta, takalminta na roba ya jiƙe sharkaf. Da za su tashi ta kai musu bil, naira 86,000. Babban cikinsu ya danna waya, ya juya mata fuskar wayar ya ce an tura. Ta ce ya yi haƙuri, bari ta tambayi kashiya ko alat ya shigo. Ta je ta dawo ta ce bai shigo ba tukuna, don Allah su ɗan jira.

Nan mutumin ya miƙe. Ya ce ita wace ce da za ta tsare shi, ta san ko shi wane ne a garin nan? Murya ta tashi har masu kallon ƙwallo suka waiwayo. Manaja ya taho da gudu, bai tambaye ta komai ba, ya shiga ba mutumin haƙuri yana cewa sabuwa ce, ba ta san manya ba. Da hannunsa ya riƙe masa lema har bakin mota. Kuɗi bai shigo ba a daren, bai shigo da safe ba, bai shigo ba har yau. Hoton bogi aka nuna mata.

Albashinta naira 35,000 ne a wata. Aka ce za a riƙa cire 30,000 duk wata har a cike giɓin. Ranar da aka gaya mata, ta zo bayan tukubata ta zauna kan buhun gawayi, inda duhu yake, inda kwastoma ba ya hangowa. Na yanka mata tsire tsinke biyu a takarda, na barbaɗa yaji, na sa albasa. Ta riƙe takardar har naman ya huce ba ta kai baki ba. Abin da kawai ta iya cewa shi ne, "Baba, ai ni na ce a jira." Ta yi wata ɗaya tana karɓar 5,000, kuɗin da bai kai na motarta daga Mararaba ba. A wata na biyu ta daina zuwa, ba ta karɓi ko sisi ba na kwanakin da ta yi.

Naira 8,000 ɗina ma sun tafi a daren. Ina da yaro mai yanka mini albasa da tumatir, shi ya kai musu naman. Ban cire ko kwabo daga kuɗinsa ba, ba kuma don na fi kowa kirki ba. Tukubar tawa ce. Ranar da aka yi ciniki har nama ya ƙare kafin sha biyu, ribar aljihuna take shiga, ba na kiransa in ce zo mu raba. To ranar asara ma tawa ce. Wannan ita ce maganar da ta sa na zauna rubuta wasiƙar nan: wanda riba ke zuwa wurinsa, shi ya kamata asara ta samu. A gidajenku an juya abin. Riba na hawa sama, asara na gangarowa ƙasa har sai ta sauka kan wadda ke ɗauke da tire. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ba a kan masu alat na bogi kaɗai abin ya tsaya ba. Kwastoma ya bugu ya ture kofi ya fashe, a cire a albashin mai sabis. An ƙirga kwalabe da asuba an ga babu biyu, a raba wa duk waɗanda suka yi aikin daren, har da wadda ba ta kusanci sito ba. Ta makara da minti 20 saboda cunkoson Nyanya, tara. An gan ta ta zauna, tara. Masu sabis suna da sunan da suke kiran wannan cire-ciren, shotej, kuma a ƙarshen wata ba ka jin suna tambayar juna nawa aka biya ki, sai dai nawa ya rage miki.

Wani lauya da ke sayen kilishi a wurina shi ya fara buɗe mini ido, ya nuna mini a wayarsa, na sa ya karanta mini sau biyu. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya hana mai gida cire wa ma'aikaci kuɗi da sunan tara. In kuwa asara ce ma'aikacin ya jawo da gangan ko da sakaci, ba a cirewa sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tun kafin a cire, kuma abin da za a cire ya zama daidai misali. Duk abin da za a zaftare a wata ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba. Ku auna wannan da 30,000 cikin 35,000, a kan asarar da ba ita ta jawo ba. Sashe na 7 ya ce kafin ma'aikaci ya cika wata uku a ba shi takarda mai ɗauke da irin aikinsa da albashinsa da sa'o'insa. Sashe na 13 ya ba shi hutun kwana ɗaya cur cikin kowane bakwai. Sashe na 11 ya ce wanda ya wuce wata uku ba a sallamarsa sai da sanarwar mako guda, wanda ya kai shekara biyar kuwa wata guda. A shekara 14, masu sabis da na gani da takardar ɗaukar aiki ba su cika yatsun hannuna ba. Sallama kuwa da baki ake yin ta, a tsakar dare, a gaban mutane: cire rigar gidan ki ajiye.

Na san amsar da wasunku za su ba ni kan albashi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Haka ne. Amma manyan gidajen Wuse II da Jabi, in aka ƙirga masu sabis da 'yan kicin da masu wanke-wanke da masu gadi, sun wuce 25 nesa ba kusa ba. Ƙananan kuma, wannan rangwamen a kan adadin albashi ne kawai. Bai halatta tara ba, bai halatta riƙe wa mutum kuɗinsa wata biyu ba.

Wani abin da nake so ku gane, ko da tausayi bai motsa ku ba, shi ne shotej na cin gidanku ta ƙarƙashi kamar gara. Kwastomomi na kuka da cewa ana yi musu aringizon bil: sun sha bakwai a rubuta tara, kifin 9,000 ya koma 11,000 in an ga idonsu ya yi ja. Gaskiya ne, ana yi, na gani. Ba na kare sata. Amma ku tambayi kanku daga ina ta samo asali. Yarinyar da aka cire wa 10,000 a kan kofunan da ba ita ta fasa ba, ga kuɗin haya, ga kuɗin mota, ga uwa a ƙauye tana jiran saƙo, ta san hanya ɗaya ce ta mayar da kuɗin, wato teburin wanda ya bugu. Na ga yara sun zo da gaskiyarsu, masu mayar wa mutum canjin naira 200 ko ya manta, wata shida ya mayar da su wasu mutane daban. Wanda ya ƙi lalacewa shi ke tafiya. Sai ku zauna kuna cewa yaran yanzu ba su da amana, kuna ɗaukar sababbi duk wata, kwastoman da aka cuta kuma ya koma gidan gaba bai gaya muku dalili ba.

Ban jahilci halin da kuke ciki ba. Ina nan a ƙarshen watan Maris na 2020 da aka rufe Abuja saboda korona, kujerunku suka yi watanni a kife, ni ma na koma gida na yi noma. Ina nan a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, kowa ya koma tiransifa, wanda a nan ne ma masu alat na bogi suka samu ƙofa. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. A watan Afrilun 2024 aka mayar wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kuɗin yunit ɗaya naira 225, ga firiji ba ya hutawa. Ga haya, ga harajin kayan masarufi na kashi 7.5, ga masu rasit iri-iri da ke zuwa da rana tsaka. Ni ma buhun gawayi da cinyar sa ba su bar ni na yi barci ba. Amma duk wannan tsadar ta sami mai sabis ita ma, ta kuma same ta ba ta da jari, ba ta da abin jinginarwa. Ku kuna iya ƙara 200 a kan kwalba. Ita ba ta da abin da za ta ƙara wa kuɗi.

Maganin alat na bogi kuwa bai da wuya. A sa doka a rubuce a bango, babba, cewa ba a tashi sai kashiya ta ga kuɗi, ko a biya da kati a na'urar POS, tebur mai yawa kuma a riƙa biya zagaye-zagaye. In kwastoma ya ta da murya, manaja ya tsaya a bayan dokar gidansa. In kuma manaja ya ga dama ya saki mutum don girmansa, to ya sa hannu a littafi cewa shi ya sake shi.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi yi mini nauyi a baki.

Hannu. Hannun da ke kai wa ƙugun yarinya in ta sunkuya ajiye kwalba. Wanda ke riƙe mata wuyan hannu ya ce sai ta ba shi lamba kafin ya biya. Wanda ke cewa zauna a cinyata in ba ki 5,000. Ba dare ɗaya da ke wucewa ban ga ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yaran sun koyi wata irin dariya ta dole da wata irin zamewa, su janye jiki ba tare da sun ɓata wa mutum rai ba, domin in ya ɓata rai ya kai ƙara, ita za a kora. Na taɓa ganin wata ta ture hannun wani dattijo, ta ce masa cikin ladabi, "Daddy, ka haife ni." Kafin a tashi an ce ta je ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ta durƙusa. Ina juya nama ina kallon ƙasa, don kunya ta hana ni kallonta, kuma har yau ina jin ciwon shirun da na yi.

Wasu gidajen su ne ma ke shirya wa abin fage. A ɗauki yarinya don surarta, a ba ta siket da bai kai gwiwa ba a ce shi ne kayan aiki, a ce mata albashi kaɗan ne amma in kin iya da kwastoma za ki samu. Kowa ya san ma'anar wannan maganar. Tun 2015 akwai dokar hana cin zarafin mutane da ke aiki a Babban Birnin Tarayya, hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ce ke kula da ita. Amma kafin a kai ga hukuma, mai gida ne hukumar farko. Kuna da ƙarti a bakin ƙofa masu fitar da wanda ya fasa kwalba ko ya zagi oga. Ku ba su umarni su fitar da wanda ya taɓa ma'aikaciya, ko da shi ne ya fi kowa kashe kuɗi. Ku ba yaran izinin cewa a canja mini tebur ba tare da an tambaye su dalili ba.

A nan zan juya ga 'yan'uwana da ke zuwa wuraren nan, don akwai su, kuma muna gaisawa. Wasu lemo kawai suke sha su ci kifi su kalli ƙwallo, wasu kuma Allah ya shirye mu baki ɗaya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne in ji mutum da babbar riga yana faɗa wa abokinsa ƙazamar magana a kan mai sabis da Hausa, yana zaton ba ta ji. Tana ji, Alhaji. Ta fi ka jin karin magana ma. Ba ta amsa ba ne don tana tsoron rasa aikinta. Kasancewarta a mashaya, ko kasancewar addininku ba ɗaya ba, bai sa mutuncinta ya halatta gare ka ba. 'Yar wani ce, kamar wadda ka baro a gida ka kulle wa ƙofa.

Na uku, komawa gida. Masu sabis ba sa zama a Gwarinpa ko Maitama. Suna Mararaba, Masaka, Karu, Dutsen Alhaji, Lugbe, wasu har Suleja. Kwastoma na ƙarshe ya tashi ƙarfe 1, a ƙirga kwalabe, a share, a yi lissafi, ƙarfe 2 ta wuce. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni. Abin da ya rage shi ne tsayawa a bakin titi a tare duk motar da ta tsaya, a garin da kowa ya san 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja su ƙwace waya, su kwashe kuɗin asusu, su wurgo mutum daga mota tana gudu. Na san wadda aka yi wa haka a hanyar Kubwa, ta dawo aiki bayan mako uku da tabo a goshi, aka ce an riga an ɗauki wata. Shi ya sa da yawansu ke haɗa kujerun roba uku su kwanta a bayan kanta, sauro na cinsu, har a kira sallar asuba sannan su fita. In na tattara kayana nakan bar musu ragowar garwashi a kasko lokacin hunturu.

Ga kuma 'yan sintiri. Ba mu manta watan Afrilun 2019 ba, da jami'an hukumar kula da muhalli ta Abuja da 'yan sanda suka riƙa kai samame gidajen rawa suna kwashe mata da zargin karuwanci. A watan Agustan 2021 Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukuncin cewa an tauye haƙƙin shida daga cikinsu, ta ce a biya su diyya. Hukuncin ya yi daɗi, amma yarinyar da aka tare ƙarfe 2 na dare ba ta da lauya a jaka. Abin da zai cece ta a lokacin shi ne katin shaida mai hotonta da sunan gidan da lambar manaja da zai ɗauki waya. Kati nawa yake? Bai kai kuɗin kifi ɗaya ba. Mota kuwa, gidaje huɗu ko biyar da ke layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ɗauki bas guda, ɗaya ta yi hanyar Nyanya, in da hali wata ta yi Kubwa. Wanda bai iya wannan ba, ya ware ɗaki mai ƙofa da sakata da katifa da gidan sauro, na mata daban.

Kada ku ce mafarki nake, domin na yi aiki a gidan da ake yin haka. Wata Madam ce a Utako, tsohuwar malamar makaranta, Allah ya saka mata. Ranar 28 ga wata albashi ke shiga, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kofin da ya fashe na gida ne. Tana da littafi da kowa ke sa hannu a kan abin da ya karɓa daga sito, don haka in abu ya ɓace an san hannun da ya ɓace a ciki, ba a yi wa kowa kuɗin goro. Direbanta ke kai yara tashar Berger da Area 1 in an tashi da wuri, in dare ya yi nisa su kwana a ɗakin da ta ware. Na ga ranar da ta mayar wa wani babban mutum kuɗinsa, ta ce ya tashi ya bar mata gida, saboda ya mari yaron sabis. Wata mai sabis ta yi ciki, ba ta kore ta ba, ta mayar da ita kan kujerar kashiya, ta ba ta hutun haihuwa, abin da Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya tanada amma ba a yi. Yaranta sukan yi shekara huɗu, biyar. Sun san kowane kwastoma da abin da yake so kafin ya buɗe baki, kuma ban taɓa jin an yi rigimar bil a gidan ba. Ba ta karye ba. Abin da ya tashe ta mai fili ne ya sayar da wurin.

Ita ce kuma na ga tana yin abin da ya kamata kowannenku ya yi wa kwastoma: in mutum ya kai inda ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, a daina ba shi, a karɓi makullin motarsa a kira masa tasi. Mu da ke bakin ƙofa mu ke ganin yadda mutum ke laluben ramin makulli minti biyu, sannan ya hau titi inda masu shara da masu gadi da irin yaran nan ke tafiya a ƙasa. Haka yaran da gemu bai fito musu ba, da ke zuwa da motar uba su zauna kan tukunyar shisha. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma ba na ganin ana tambaya. Sai kwalaben jabu da ake sayowa da araha a bayan fage, a zuba wa wanda ya riga ya bugu. In cikinsa ya ɗauka, mai sabis zai shaƙe, ba mai sito ba.

Mu masu tukuba namu kukan kaɗan ne, zan faɗe shi a taƙaice. Muna biyan kuɗin wuri duk mako. In an haɗa kuɗin nama da bil, a ba mu a daren, kada a ce sai Litinin, domin mahauci a Dei-Dei ba ya jiran Litinin. A kuma bar mana ɗan lungu mai tsabta, nesa da kwata, inda za mu shimfiɗa buzu mu yi Magariba da Isha.

Ga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ofishinta ke cikin garin nan: jami'anku da doka ta ce sai da sa hannunsu ake cire kuɗi, ban taɓa ganin ɗaya ya shigo gadin ba. Masu karɓar haraji sun san hanya, masu duba lasisi sun san hanya. Ku zo da yamma, ƙarfe 5, lokacin da yara ke goge tebura, ku nemi littafin albashi, ku keɓe da ma'aikata ba a gaban manaja ba. Ƙungiyar ma'aikatan otal-otal da ke ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta NLC ita ma ta leƙo ƙananan gidaje, kada ta tsaya a manyan otal masu hawa goma. Yawancin yaran nan ba su taɓa jin akwai Kotun Ma'aikata ba, balle su san ƙofarta a Garki take.

Iyayen gida, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A inuwarku nake cin abinci, da cinikin ƙofarku na aurar da ƙanwata na sa 'ya'yana a makaranta, ba na fatan ko ɗayanku ya rufe. Mu an koya mana a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, yaran da ke zuwa coci kuma sun ce mini su ma haka yake a wurinsu. Abin da nake roƙo ku fara da shi a ƙarshen watan nan abu ɗaya ne: ku karɓi littafin albashi daga hannun manaja, ku duba da idonku layin da aka rubuta shotej, ku tambayi kowane suna me ya yi. Yarinyar nan 'yar Filato tana bin gidan da ta bari 30,000 da aka cire mata, da kuɗin kwana 19 da ta yi a wata na biyu. Mai gidan ya san kansa in ya karanta. Lambar yayarta tana wurina, ina kuma tukubata kullum daga la'asar.

Naku,
Mai tsiren bakin ƙofa, Gwarinpa, Abuja